Ƙwaryar Awon Inna Dije

Duk wanda ya zauna a Ƙofar Dundaye a zamaninmu ya san Inna Dije mai gero, ko da bai taɓa sayen tsaba ɗaya a hannunta ba. Ni kuwa darnin kara ne kawai ya raba gidanmu da nata har shekara goma sha tara, irin darnin da in ta yi atishawa a ɗakinta nakan yi mata addu'a daga madafina. Sunana Balaraba. Na tsufa yanzu, haƙora sun gudu sun bar ni da kunu, kuma ina so in faɗi labarin matar nan kafin a kai ni inda aka kai ta, domin ina da hannu a cikinsa dumu-dumu.

Gajera ce, baƙa, mai saurin tafiya da saurin baki. Mijinta ya tafi yaƙi wajen Gobir bai dawo ba, 'ya'ya huɗu ta haifa ƙasa ta karɓe su duka tun suna ƙanana. Da ta ga zaman ɗaki ba zai cika mata ciki ba, shekaru kuma sun ba ta damar fita, sai ta kama sayar da gero a kasuwa, a gindin wata tsamiya, kusa da ƙawarta Tani mai daddawa. Ba ta da dukiya. Abin da take da shi suna ne, da kuma ƙwarya ɗaya.

Ƙwaryar nan mahaifiyarta ta zo da ita daga Sifawa lokacin da jama'a suka tare a Sakkwato. Wani malami ne ya auna ta tun can, ya ce mudannabi huɗu take ci daidai, ba ƙari ba ragi, wato zakkar fidda kai ta mutum guda. Ta sha man shanu da hannun mutane har ta yi baƙi tana ƙyalli. Da ita Inna Dije ke awo a kasuwa, ta cika ta shafe baki, sannan ta ƙara gyara cikin tafi tana yi wa mai saye tsiya. In azumi ya kai ashirin da bakwai kuwa, ƙwaryar ta daina zama tata. Sai ta ɗora ta a kan darni, mu matan aure da ba ma fita mu miƙa hannu mu ɗauka, gida ya auna ya miƙa wa gida, har safiyar Salla. Gidan liman ma da ita suke fitar da zakkarsu. Inna Dije kan tsaya a tsakar gida tana ɗaga murya: "Wa ad da ƙwaryata? Ku auna ku maido, ba gadon uwayenku ta ba!" Amma kowa ya san daɗi take ji.

Maigidana gyartai ne, mai ɗinkin ƙwarya. A lokacin ba na kama sunansa, amma yanzu da ya kwanta dama zan faɗa, Mode ake ce masa. Gwani ne, wannan ba zan hana shi ba. In ya ɗinke ƙwarya da basilla da zaren kaba, ko nono aka zuba ba ya ɗiga. Sai dai yana da son a yaba, kuma yana da tsoro, abubuwa biyu da ban ga ranar da suka amfani namiji ba.

Cikin watan Sha'aban na wata shekara, akuyata, wata ja mai kan tsiya, ta fasa darni ta shiga gidan Inna Dije, ta ture ƙwaryar daga kan turmi. Ta tsage daga baki kamar tsawon yatsa, gefen bakin kuma ya ɓalle kaɗan. Na shiga ina ba da haƙuri, ita kuwa ta zagi akuyar tun daga uwarta har kakarta, sannan ta yi dariya ta ce tunda Allah ya ba ta maƙwabci gyartai, ai abin ya zo gidan sauƙi.

Mode ya zauna a kanta yini guda. Ɗinkin ya yi kyau. Amma wurin da ya ɓalle ya tsaya masa a rai, domin gyartai ba ya son ya mayar da ƙwarya da giɓi a baki. Abin da suke yi wa kowace ƙwaryar fura shi ya yi mata: ya ɗauki wuƙa ya bi bakin ya kankare shi zagaye har ya daidaita, ya shafe da mai. Ni na share kankararren da tsintsiyata. Na ce masa, "Maigida, wagga fa ƙwaryar awo ta, ba ta hura ba." Ya dube ni ya ce, "Abin da bai kai hwaɗin ƙaramin yatsa ba? Mace mi ta sani ga ɗumki?" Na kwashe sharar na zubar. Da ya miƙa mata ta kan darni ta juya ta a hannu ta ce ta koma budurwa, shi kuma ya yini yana murmushi.

Azumi ya zo ya wuce. Ƙwarya ta zaga unguwa kamar yadda ta saba, kowa ya auna zakkarsa ya bayar.

Bayan Salla da kamar kwana ashirin abin ya faru. Ni ban je kasuwa ba, Tani ce ta ba ni labari daga baya, kuma Tani ba ta ƙara gishiri. A kasuwa akwai mai hisba, mutumin da aka ɗora wa duba awo da kayan sayarwa. Yana yawo da mudannabinsa na itace a cikin jaka. Shi ke zubar da nonon da aka yi wa ruwa, shi ke kama mahaucin da ya hura nama. Ya san Inna Dije sarai, bai taɓa gwada ƙwaryarta ba, har misali yake yi da ita. Ran nan ya kama wata mai dawa da ƙaramin mudu, matar ta hau ihu tana cewa an raina ta ne don baƙuwa ce, in gaskiya ake bi me ya sa ba a taɓa gwada na tsohuwar can ba. Mai hisba ya yi dariya ya ce to ta zo ta ga yadda awon mutanen kirki yake. Inna Dije da kanta ta miƙa masa ƙwaryar, tana yi wa baƙuwar gwalo.

Ya zuba mudu ɗaya, ya zuba na biyu, ya zuba na uku. Yana cikin juye na huɗu ƙwarya ta cika, gero ya gangaro kan tabarma. Ya zubar ya sake, a hankali wannan karon. Haka dai. Abin da ya rage bai fi cikin tafi guda ba. Tani ta ce mai hisba kansa ya rasa inda zai sa idonsa, amma a gaban jama'a aka yi, ga baƙuwa tana tafi tana guɗa. Dole ya kai maganar gaba.

A gefen kasuwa akwai rumfar da alƙali ke zama don irin waɗannan ƙananan laifuffuka, na wanda jakinsa ya ci hatsin wani, da masu zage-zage, da masu tauye awo. Ba a maganar haddi a nan, ba yanke hannu, ba kurkuku. Ta'aziri ake yi, ladabtarwa gwargwadon yadda alƙali ya gani: wani a yi masa faɗa, wani bulala kaɗan, wani a yi shelarsa, wani a hana shi kasuwa na 'yan kwanaki. Kafin la'asar an gama da kowa an tashi. Alƙalin dattijo ne mai sanyin hali, ba zan ɗora masa abin da bai yi ba.

Tani ta fara magana tun ba a tambaye ta ba, ta ce gyaran da Dije ke ƙara wa kowa ya ninka abin da ya rage. Alƙali ya ce gyara kyauta ce, Allah ya ba ta lada, amma kyauta ba ta cike awo. Ya karɓi ƙwaryar ya juya ta, ya ga ɗinki, ya shafa bakin da yatsa. Ya tambayi wanda ya ɗinka, Inna Dije ta ce maƙwabcinta ne Mode gyartai. Alƙali ya ce to magana ta yi sauƙi. In gyartai ya zo ya shaida cewa a wurin gyara bakin ya ragu ba da saninta ba, babu laifi a kanta, sai dai ta sake ƙwarya. Ya aiki dogari gidanmu.

Labari ya riga dogari isowa, kun san Sakkwato. Mode yana gida ran nan, tari ya hana shi fita. Da ya ji abin da ake ciki sai ya kama kai-kawo a tsakar gida. Ya ce bulala za a yi masa a tsakiyar kasuwa, ya ce daga yau ba mai sake kawo masa ko ludayi. Muna haka muka ji sallama a zaure. Ya faɗa bayan rumbu ya tsuguna, ya toshe bakinsa da hula don kada tari ya tona shi, ya ce mini cikin raɗa, "Ce mishi na tahi Wamakko."

Na tsaya a bayan tabarmar ƙofa. Dogari ya ce, "Maigidan shina ciki? Alƙali ka kira nai." Na ce, "Ba shi nan, ya tahi Wamakko tun shekaranjiya." Ba wanda ya ce in ƙara shekaranjiya, ni na ƙara da kaina don ƙaryar ta zauna. Dogari ya ce to, ya juya. Ban taɓa jin sawun mutum ya yi mini nauyi a kunne kamar nasa ba.

Tani ta ce da dogari ya faɗi saƙon, Inna Dije ta ɗaga kai ta dube shi, kamar za ta yi magana, sai ta mayar da kanta ƙasa. Alƙali ya ce tunda shaida bai samu ba, akwai wata hanya. Ta rantse da Allah cewa ba ta san ƙwaryar ta ragu ba, shi kuma ya sallame ta. Kowa ya yi ajiyar zuciya, har mai hisba, domin ana ganin an gama.

Sai ta ce, "Allah shi gafarta malam, ba ni iya rantsuwa."

Alƙali ya ce, "Don mi, Inna?"

Ta ce, "Tun randa anka maido min ita, hannuna ya ji ta sake. Shekara talatin ina ɗaukat ta cike, na san nauyinta kamar na san sunana. Na ji ta yi sauƙi. Sai nic ce ma raina geron bana na ya bushe ƙwarai. Ban kai ta an gwada ba. Ƙaƙa za ni ce ban sani ba?"

Alƙali ya yi ta lallashinta. Ya ce jin hannu daban, sani daban, shari'a ba ta kama mutum da abin da ya ɗarsu a ransa. Tani ta ce har mintsininta ta yi. Inna Dije ta kafe, ta ce ba za ta ɗora sunan Allah a kan abin da zuciyarta ke kai-kawo a kansa ba. Na sha jin haushin wannan taurin kai nata, na sha cewa da ta buɗe baki ta faɗi kalma uku da duk mun huta. Amma wa ya isa ya ji haushi, ni da na buɗe nawa bakin?

Ga ƙwarya a tauye a gaban jama'a, ba shaida, ba rantsuwa, ga baƙuwar da aka kama da ƙaramin mudu ɗazu tana jira ta ga ko shari'a tana duba fuska. Alƙali ya zaɓi mafi sauƙin abin da ke hannunsa. Ba bulala, don tsufanta. A fasa ƙwaryar, a yi shela sau ɗaya, ta bar kasuwa kwana bakwai. Duk shari'ar ba ta kai lokacin da ake tuƙa tuwo ba.

Dogari ya kifa ƙwaryar ya taka. Mai shela ya zaga kasuwa yana cewa jama'a su ji, an sami ƙwaryar awon Dije ta Ƙofar Dundaye a tauye, kowa ya kiyayi awonsa. Ita kuwa ta tsuguna ta tsince ɓaraguzan ɗaya bayan ɗaya ta ƙulle a bakin zanenta, Tani ta ɗaukar mata kwandon gero suka taho gida. Ina jin shigowarta. Ban leƙa ba.

Kwana bakwai ba komai ba ne, haka kowa ya ce. Ran na takwas ta koma gindin tsamiyarta da aron mudu. Mutane sun ci gaba da saye, sai dai yanzu wasu na zuwa da nasu mudun a hannu, suna cewa wai don sauri. Tsiyar da take yi wa masu saye ta daina. Kafin a yi wata biyu magana ta shiga bakin 'yan kasuwa. In mai goro ya rage wa mutum, ko mahauci ya ƙanƙance kashi, sai ka ji an ce, "Haba, kada ka yi min awon Dije." Da dariya ake faɗa, ba da mugunta ba, kuma tana zaune tana ji.

Amma ba wannan ne ya fi cin ta ba. Zakkar unguwa ce. Ta ce ta sa mutane sun fita Idi da zakka a tauye. Liman ya gaya mata babu komai a kanta, waɗanda suka auna da kyakkyawar niyya suka auna, wanda ya so ya cike da kansa. Ba ta ji ba. Ta ɗauki kwando ta bi gida gida, tana zuba cikin tafi na gero a madadin kowane kai, tana cewa a kai wa mabukata a yafe mata. Wata safiya ta yi sallama a gidanmu. Ta ce, "Balaraba, ku bakwai na ko? Tara zanenki." Na tara. Ta zuba sau bakwai, ta ce in yafe mata, na ce na yafe. Wallahi haka na ce. Da ta fita na shiga ɗaki na yi kuka har kaina ya yi ciwo, amma kukan bai ƙara wa Inna Dije komai ba.

Daga ranar na hana Mode sakat. Na ce ko ya je ya faɗi gaskiya ko ni in yafa zane in je. Bayan wata guda ya tafi. Ya dawo da fara'arsa. Wai alƙali ya saurare shi, ya yi masa faɗa sosai, ya ce ya je ya nemi gafarar matar. Ba bulala, ba komai. Na ce to shela fa, yaushe za a yi a wanke ta? Ya ce ya tambaya, alƙali ya ce an riga an yanke, ƙaramin abu ne, matar ma ta koma kasuwarta, shela kuma don jan kunne ake yin ta, ba a saba yi wa wanda aka wanke ba. Abin da Mode ya ɓuya a bayan rumbu dominsa ke nan, faɗan dattijo na ɗan lokaci.

Neman gafarar ma bai iya yi da baki ba. Ya samo sabuwar ƙwarya, ya kai wa liman ya auna ta mudannabi huɗu cif, ya ba ni in miƙa mata. Ta karɓa ta yi godiya, ta ce Allah ya yi albarka. Tani ta yi ta faɗa a kasuwa cewa gyartai ya amsa laifinsa, amma muryar mai daddawa ba ta kai ta mai shela ba.

Da azumi ya sake zagayowa ya kai ashirin da bakwai, na ga ta shafe sabuwar ƙwaryar da man shanu ta ɗora a kan darni, daidai inda tsohuwar ke zama. Ta yini a can. Washegari ma haka. Matan unguwa sun riga sun ari mudun gidan liman, ba don sun ƙi ta ba, sai dai zakka ba abin wasa ba ce, kowa na son hankalinsa ya kwanta. Ni da na san ƙwaryar nan cikakkiya ce, ni da hannuna zai kai ba tare da na yi taku uku ba, kunya ta riƙe ni. Na ga in na ɗauka dole mu haɗa ido. Na auna tamu da tafin hannu a cikin ɗaki. Da safiyar Salla, bayan maza sun tafi Idi, na ji ta sauke ta. Ba ta ɗaga murya ta tambayi kowa komai ba a shekarar.

Da damina Inna Dije ta kwanta ciwo. Ba ta da kowa, ni na yi jinyarta, na buɗe darnin na mayar da shi ƙofa. Wata rana da hantsi ina ba ta kunu, na ga ta rame har zoben azurfarta na zamewa, na ce in ban faɗa yau ba, ba ranar faɗa. Na ajiye ludayi na ce, "Inna, akwai maganad da ni ka son in hwaɗa miki, ta randa dogari yaz zo gidanmu."

Ta ɗaga hannu ta ce, "Bari, Balaraba. Na ji tarinai ran nan da sahe, kahin in tahi kasuwa. Har sannu na yi mishi ta darni, ya amsa."

Na ce, "To mi ya hana ki hwaɗi ma alƙali?"

Ta ce, "In na hwaɗi, dogari shi komo shi hiddo shi bayan rumbu, ke kuma a yi shelakki matad da ta yi ma alƙali ƙarya. Kina da ɗiya mata ukku cikin ɗaki, wa za shi nemi ɗiyam maƙaryaciya? Ni ba ni da kowa baya. Ba ni kunun, shina hucewa."

Na ba ta. Ranar Alhamis ta rasu, aka binne ta, ɓaraguzan tsohuwar ƙwaryar suna nan ƙulle a tsumma ƙarƙashin matashinta. 'Ya'yana matan uku duk sun yi aure a gidajen mutunci, ba wanda ya taɓa jifan su da wata magana. Sabuwar ƙwaryar tana wurina, da ita nake auna zakka kowace shekara, ni kaɗai.

Mutanen da suka san fuskarta sun ƙare, alƙalin da mai hisba da Tani duk sun tafi. Maganar ce ba ta tafi ba. Shekaranjiya jikata Jamilatu ta zo gaishe ni, matar aure da goyonta, na zuba mata fura a ƙoƙo. Ta leƙa ta yi dariya ta ce, "Kai Kaka, yau kuma awon Dije kika yi min?" Ba ta san ko wace ce Dije ba. Na ɗaga hannu zan mare ta, sai na tuna wadda ya kamata a mara, na sauke hannuna.